Tambaya da Amsa: Wane ne Umar Khayyam na Gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Gaya. Kwanakin baya ƙanena da ke karatu a birni ya turo mini wasu baitoci ta WhatsApp, waɗanda aka fassaro daga Turanci, suna yabon giya, suna cewa mutum ya ci duniyarsa yau domin gobe ba tasa ba ce, aka kuma rubuta cewa na Umar Khayyam ne. Ni kuwa a tarihin lissafi na san wannan suna. Da na kai maganar majalisarmu bayan la'asar sai gardama ta kaure, wani ya ce zindiƙi ne mashayi, wani ya ce waliyyi ne, giyar da yake nufi ba ta kwalba ba ce. Malam, mutum ɗaya ne ko biyu? Kuma wa ya fi gaskiya a cikin abokan nawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mutum ɗaya ne, amma labarinsa ya iso mana ta hanyoyi biyu waɗanda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma daga nan gardamar majalisarku ta samo asali.

Sunansa Abul Fathi Umar ɗan Ibrahim al-Khayyam. An haife shi a shekarar 1048 (439 Hijira) a birnin Naisabur na yankin Khurasan, arewa maso gabashin Iran ta yau. Wannan gari ba baƙo ba ne a wurin almajiran ilimi na ƙasarmu, domin shi ne garin Imamu Muslim mai Sahihi, kuma a zamanin Khayyam ɗin ne Imamul Haramaini al-Juwaini yake karantarwa a makarantar Nizamiyya ta garin, inda Imamu Gazali, wanda Khayyam ya girme shi da shekara goma, ya ɗauki karatu.

Hanya ta farko ita ce ta littattafan da ya rubuta da hannunsa, da Larabci mafi yawansu, waɗanda babu mai jayayya a kan cewa nasa ne. Wajen 1070 ya tafi Samarƙandi, babban alƙalin garin Abu Ɗahir ya riƙe shi, a can ya rubuta littafinsa na Jabru wal Muƙabala, wato aljabra ɗin da kake koyarwa. Kimanin shekara 250 kafin nan Khawarizmi ya tsara wannan fanni a Bagadaza, ya warware matsalolin da ba su wuce daraja ta biyu ba, babban kaso na littafin nasa kuma a kan wasiyya da rabon gado yake. Khayyam ya haura zuwa daraja ta uku. Ya jera matsalolin nau'i 25, ya ware 14 daga ciki waɗanda tsohuwar hanya ba ta isa gare su, ya warware su ta hanyar zane, inda yake haɗa lanƙwasassun layukan da ke fitowa idan aka yanka siffa mai tsini irin ta jinkar ɗaki, mahaɗar layukan nan ita ce amsar. Abin da ya fi burge ni a wannan littafi shi ne yadda ya faɗi iyakarsa ba tare da kwana-kwana ba, ya ce bai samu hanyar fitar da amsoshin nan da zallar adadi ba, wataƙila wani da zai zo bayansa ya samu. Haka kuwa aka yi, sai a ƙarni na 16 masu lissafi na Italiya suka gano ta, Cardano ya buga ta a 1545. A 1077 kuma ya kammala sharhi a kan wuraren da ke da wuya a littafin Uƙlidis, masanin Girka na dā, na handasa, wato lissafin layuka da siffofi, musamman batun layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa, matsalar da ta ci gaba da wahalar da masana har ƙarni na 19.

Hanya ta biyu ita ce ta waƙa, a nan kuwa sai mu yi abin da malamanmu na hadisi suka koya mana, mu tambayi wanda ya ruwaito, mu tambayi yaushe ya ruwaito. Mutum biyu da suka gan shi da idonsu sun bar mana labarinsa. Ɗaya shi ne Nizami Aruzi na Samarƙandi, wanda ya zauna da shi a Balkh a 506 Hijira, ɗayan kuma Zahiruddin al-Baihaƙi, wanda aka kai shi gabansa yana yaro (ba Baihaƙin hadisi ba, shi wannan ya rasu tun 1066). Dukansu sun kira shi Hujjatul Haƙƙi, sun ambaci saninsa na taurari da hikima, Baihaƙi ya ƙara da lugga da fiƙihu da tarihi da ƙira'o'in Alƙur'ani, har ya faɗi aibinsa, ya ce mutum ne mai ƙuncin hali, mai rowar rubutu da karantarwa. Babu ɗaya a cikinsu da ya ambaci cewa yana waƙar Farisanci. Shi Nizami Aruzi ma ya ware babi guda na mawaƙa a littafinsa, amma a babin masana taurari ya sa Khayyam.

Baitin Farisanci na farko da aka jingina masa ya fito ne a wani rubutu na Fakhruddin ar-Razi, shekaru da dama bayan rasuwarsa. Wajen 1223 Najmuddin Daya, wani shehin Sufaye, ya kawo baiti biyu domin ya soke su. Daga nan adadin ya riƙa hauhawa, duk ƙarnin da ya wuce sai ya ƙaru. Kundin da aka rubuta a Shiraz a 1460, wanda yake ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Ingila, yana da baiti 158, alhali tsakaninsa da rasuwar mutumin akwai shekara 329. Kundayen da suka biyo baya sun kai ɗaruruwa, wasu sun haura dubu. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Irin baitin nan ruba'i ake ce masa, baiti ne mai ɗango huɗu, na farko da na biyu da na huɗu suna amsa amo ɗaya, kowane baiti kuma yana tsaye da ƙafarsa, ba shi da na gaba ba shi da na baya, kuma mawaƙi ba ya sa sunansa a ciki. Saboda haka duk wanda yake da wata magana ta shakka ko ta shaye-shaye da yake tsoron a ji ta daga bakinsa, abu ne mai sauƙi ya rataya ta a wuyan mamacin da aka riga aka sani da falsafa. A 1897 wani masani ɗan Rasha, Zhukovsky, ya nuna baiti 82 daga cikin na Khayyam waɗanda ake samu a diwanin wasu mawaƙan daban. Da masanan Iran biyu, Furugi da Gani, suka tace su a farkon shekarun 1940, 178 kawai suka amince da su, wasu masu binciken ma sun rage ƙasa da haka nesa.

Abin da ƙanenka ya turo maka kuwa ya ƙara bi ta wani hannun. Edward FitzGerald, Baturen Ingila, shi ya fitar da baiti 75 da Turanci a 1859, ya yi ta ƙari da ragi a bugu na gaba, kuma shi da kansa ya faɗa a wasiƙa cewa yana sarrafa mawaƙan Farisa yadda ya ga dama. Ya haɗa baitoci biyu ya mai da su ɗaya, ya jera su kamar labarin yini guda daga asuba zuwa dare, tsarin da babu shi a asali. Wannan fassara ce ta sa sunan Khayyam ya cika Turai da Amurka a matsayin mawaƙin giya.

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba, domin gaskiya ba ta yarda da haka ba. Baitin nan mafi tsufa da Razi ya kawo tambaya ce mai nauyi a kan halitta, yana cewa idan Wanda ya haɗa ta ya kyautata haɗin, don me ake rushe ta, idan kuma bai yi kyau ba, laifin wane ne. A cikin baitocin da suka fi kama da nasa ana yawan ganin maginin tukwane yana dukan yumɓu, mawaƙin yana tuna cewa yumɓun nan jikin sarakuna ne da kyawawan mutanen da suka shuɗe. Duk wanda ya tashi yana jin waƙoƙinmu na wa'azi ya san wannan kallo da ake yi wa duniya, cewa ba matabbata ba ce, ta ci na gaba za ta ci na baya. Inda aka rabu shi ne a ƙarshen magana. Mai wa'azinmu yakan ce tun da haka ne a tuba a yi guzuri, da yawa daga baitocin nan kuwa sai su ce tun da haka ne a miƙo ƙoƙon giya. Abokinka mai cewa giyar ta Sufaye ce yana da magabata, domin al-Ƙifɗi, marubucin tarihin masana, wanda ya rasu a 1248, ya ambaci cewa Sufaye na baya suna karanta waƙoƙinsa a majalisunsu, ko da yake shi ya soki abin, ya ce cikinsu macizai ne ga shari'a, har ya ce hajjin da Khayyam ya yi na tsoron mutane ne. A ganina wannan fassara ta Sufaye tana zama a kan wasu baitocin, a kan wasu kuwa sai an tanƙwara su da ƙarfi. Shi kuma al-Ƙifɗi an haife shi ne a Masar shekara arba'in bayan an binne mutumin da yake yi wa hukunci a kan niyyar zuciyarsa.

Abin da ya tabbata daga alƙalaminsa shi ne cewa masanin falsafa ne a kan tafarkin Ibn Sina, tafarkin da Imamu Gazali ya yi wa raddi mai zafi, kuma duk mai son sukar Khayyam da hujja nan ya kamata ya nufa. A risalolinsa yana tabbatar da Mahalicci, yana bayanin hikimar ɗora wa bayi ibada, ya kuma fassara huɗubar Ibn Sina ta tauhidi zuwa Farisanci. Baihaƙi ya ruwaito daga surukinsa cewa ranar da zai rasu yana karanta sashen Ilahiyyat, wato na sanin Allah, na Shifa, littafin falsafa na Ibn Sina, wadda ba ita ce Ashafar Alƙali Iyal da ake karantawa a garuruwanmu da azumi ba, da ya kai babin ɗaya da yawa sai ya rufe littafin, ya yi wasiyya, ya tashi ya yi salla, bai ƙara ci ko sha ba, bayan isha'i ya yi sujada yana roƙon Allah gafara, yana cewa ya san Shi gwargwadon iyawarsa, sanin nan kuma shi ne tsaninsa zuwa gare Shi. Ka gaya wa abokin naka na farko cewa kafirta Musulmi da baitin da ba a tabbatar nasa ba ne kasada ce babba, na biyun kuma ka gaya masa cewa waɗanda suka zauna da mutumin ba su kira shi shehin ɗariƙa ba.

TAMBAYA: Ni limamin wani ƙauye ne a ƙasar Kafin Hausa, jikana ne yake rubuta mini wannan. Na gaji lissafin taurari daga mahaifina, taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, da shi nake gaya wa manoma lokacin da ya dace su shirya shuka. Na ji a rediyo an ce wani Umar Khayyam ya yi wa sarkinsu sabon lissafin shekara. Shin ya soke lissafin Hijira ne? Lissafinsa irin namu ne? Kuma shin mai duba ne?

AMSA: Allah gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bai soke lissafin Hijira ba, bai ma taɓa shi ba. Azumi da hajji da idi da iddar mata duk sun ci gaba da bin jinjirin wata kamar yadda suke tun zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Abin da aka sa shi ya gyara lissafin mulki ne da na noma.

Matsalar da ta sa aka nemo shi, Malam ya fi ni saninta. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Gona kuwa rana take bi, haraji kuma daga amfanin gona ake fitar da shi, saboda haka hukuma ba ta iya ɗaure karɓarsa a kan watan da yau yana kaka, bayan 'yan shekaru yana tsakiyar damina. Farisawa suna da tsohuwar shekararsu ta rana mai kwana 365 cif, amma shekarar rana ta gaskiya tana da ƙarin kusan rubu'in yini, kuma da yake ba a cike wannan rubu'in, sai ranar sabuwar shekararsu, Nairuz, ta riƙa gurgusowa baya da kwana ɗaya duk shekara huɗu. Ibnul Asir ya kawo a tarihinsa, a cikin abubuwan da suka faru a 467 Hijira, cewa Sarki Malikshah na daular Saljuƙawa da wazirinsa Nizamul Mulk sun tara masana falaki, cikinsu da Umar Khayyam da Abul Muzaffar al-Isfizari da Maimun ɗan Najib al-Wasiɗi, aka kashe dukiya mai yawa wajen kafa musu wurin nazarin taurari. Ya ce kafin nan Nairuz tana faɗowa ne rana tana tsakiyar burujin Hutu, su kuma suka tsayar da ita a kan shigar rana farkon burujin Hamal, wato lokacin da dare da yini suke daidaita. A Isfahan aka yi wannan aiki, sabon lissafin ya fara ranar 15 ga Maris, 1079, cikin watan Ramadan na 471, aka kira shi Jalali saboda laƙabin sarkin, Jalalud Daula.

Masu tarihin falaki da yawa suna danganta wa wannan lissafi tsarin ƙara kwana ɗaya sau takwas a cikin kowace shekara 33, maimakon sau ɗaya a kowace shekara huɗu babu fashi. Wannan tsari ya fi kusa da tsawon shekarar rana fiye da kalandar Rumawa da Turai take bi a lokacin, wadda ba a gyara ta ba sai a 1582, bayan shekara 503. Kalandar da Iran ta mayar ta hukuma a 1925 daga wannan tushe ta fito, shekararta ta rana ce amma daga Hijira take fara ƙidaya.

Lissafin Malam da nasa dangi ne ta wajen manufa, domin dukansu rana suke bi saboda manomi, amma asalinsu daban. Na Malam manzilolin nan ne da Larabawa suka sani tun kafin Musulunci, irin su Surayya wadda muke kira kaza da 'ya'yanta, Alƙur'ani kuma ya ambaci manzilolin wata a Suratu Yunus aya ta 5, ya ce domin a san adadin shekaru da lissafi. Idan aka tara kwanakin da Malam ya faɗa 365 za a samu, saboda haka rubu'in yinin da ya dami su Khayyam yana nan a kan duk mai wannan lissafi, kuma abin lura ne ga jikan Malam idan shi zai gaje shi.

Batun duba kuwa, gaskiya ne sarakunan wancan zamani suna neman masana taurari su zaɓar musu ranaku, shi ma an nema a wurinsa. Nizami Aruzi ya ba da labarin cewa a hunturun 508 Hijira, a birnin Marw, sarki ya aiko a zaɓar masa kwanakin farauta da babu ruwa babu ƙanƙara, Khayyam ya zaɓa, da sarki ya hau doki sai hadari ya taso har mutane suka fara dariya, shi kuwa ya ce zai washe, aka kwana biyar sarari. Amma tun a farkon wannan labarin marubucin ya faɗi cewa bai ga Khayyam yana da wani imani mai ƙarfi da hukuncin taurari ba. Wannan shi ne bambancin da malamai suka yi tsakanin sanin tafiyar taurari domin gane lokaci da alƙibla, wanda ya halatta, da ƙudurta cewa tauraro ne yake saukar da ruwa, wanda hadisin Zaidu ɗan Khalid na Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa ya hana. Littattafan Khayyam da suka iso mana a ɓangaren farko suke.

TAMBAYA: Ni malama ce a Islamiyyar matan aure a wani ƙauye kusa da Kazaure. Na taɓa jin labarin ɗalibai uku, Umar Khayyam da Nizamul Mulk da Hasanus Sabbah, da suka yi alkawari tun suna makaranta cewa duk wanda ya samu ɗaukaka zai tuna da sauran. Ina son in kawo shi a darasin cika alkawari. Ya inganta?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki karantar. A matsayin tarihi bai inganta ba. Yadda ake ba da shi, Nizamul Mulk ya zama waziri, Khayyam ya nemi ɗan abin da zai riƙe shi ya zauna ya yi karatu, Hasan ya nemi muƙami a fada, daga baya suka ɓata da wazirin ya yi tawaye. Shekaru ne suka ƙaryata shi. An haifi Nizamul Mulk a 1018, ya girmi Khayyam da shekara 30, kuma lokacin da ya zama wazirin Sarki Alp Arslan, Khayyam bai fi ɗan shekara 16 ba. Shi kuma Hasan a Ƙum aka haife shi, a Rayy ya tashi, nesa da Naisabur. Labarin ya shahara ne daga tarihin Rashiduddin, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 14, FitzGerald kuma ya sa shi a gabatarwar fassararsa ya ƙara bazuwa. Idan za ki kawo shi, ki gaya wa ɗalibanki cewa hikaya ce, ga kuma ƙissoshin sahabbai ingantattu a kan alkawari da za su wadatar da darasin.

Abin da ya haɗa mutanen uku a tarihi ya fi hikayar ɗaci. Hasan, jagoran wani ɓangare na 'yan Isma'iliyya, ya kama ganuwar Alamut da ke duwatsun arewacin Iran a 1090. A watan Ramadan na 485 Hijira, wato Oktoban 1092, wani mutum da ya yi shigar Sufaye ya soke Nizamul Mulk da wuƙa a kan hanyar Isfahan zuwa Bagadaza, mafi yawan masu tarihi kuma sun ɗora kisan a kan mabiyan Hasan. Bayan kimanin wata ɗaya Malikshah ma ya rasu, 'ya'yansa suka shiga rikicin gadon sarauta, aka daina kashe kuɗi a kan wurin nazarin taurarin, aikin ya tsaya. Bayan haka ne Khayyam ya yi hajji, ya zauna wani lokaci a Marw, sannan ya ƙare rayuwarsa a Naisabur. Mafi yawan masu bincike sun tsaya a kan cewa ya rasu a 1131, ko da yake wasu littattafai suna kawo 1123. Kabarinsa yana nan a garin, kuma ginin da ke kansa yanzu a 1963 aka kammala shi.